Na-Sani Ya Kumbura Kayan Shago

A layin shagunan da ke bayan tashar mota akwai wani mutum da ba a taɓa ƙarasa masa magana ba. Ko kwatancen hanya ka fara yi masa, kafin ka kai kwana ta biyu zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Da haka sunan ya bi shi har ya danne na yanka, 'ya'yansa ma in an tambaye su gidan wa suke, sai su ce gidan Na-Sani. Ya yi kiwon kaji, kajin suka mutu yana tsakiyar bayanin yadda ake kiwonsu. Ya yi gyaran fanka, fankar mai aski har yau baya take juyawa. Daga ƙarshe sana'arsa ta koma zama a bencin Tela yana gyara wa masu wucewa zance.

Matarsa tana da wa, mai shagon kayan lambu da ƙwai da wake a tsakiyar layin, wanda kowa ke kira Yaya. Da za a yi wa Yaya aikin ido a wani asibiti mai nisa, ƙanwar ta yi ta roƙonsa har ya yarda ya bar wa mijinta shagon. Ya kira shi, ya riƙe makullin a sama kamar bai so saki ba.

"Idan na dawo na tarar da shagon nan yadda na bar shi, makullin ya zama naka, ni in koma lambu in huta. Amma idan na tarar ka yi mini dabara ko guda ɗaya..."

"Na sani, Yaya."

Gaskiyar magana, Na-Sani yana son shagon nan har cikin ransa. Ya gaji da bencin Tela, ya gaji da yadda yara ke wuce shi su je wurin uwarsu in suna son wani abu. Da farko kuwa ya kama kansa. Yana buɗewa da wuri, ya share, ya jera tumatir, ya goge sikeli. Matarsa har ta fara cewa ko addu'arta ce ta karɓu.

Sai ga malamar kimiyya ta makarantar da ke ƙarshen layi ta zo sayen ƙwai da ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake zubawa a salak. Na-Sani ba ya barin mai saye ya tafi bai san me zai yi da kaya ba, don haka ya tambaya. Malama ta ciro wata kwalba daga jaka. A ciki akwai ƙwai ba ɓawo, yana sheƙi, ya yi ɓul-ɓul, ya fi duk ƙwan da ke kan tebur girma. Ta ce khal ne ya cinye ɓawon ya bar tantanin ciki, ita kuma ta saka shi a ruwa, ya sha ya kumbura. Ta yi masa bayani cewa duk abu mai rai da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kowace a naɗe cikin tantani siriri. Ruwa yana ratsa tantanin, gishiri da sukari ba sa ratsawa da sauƙi, shi kuwa ruwa kullum ɓangaren da ya fi gishiri ko sukari yake bi. Shi ya sa ganyen da ya yi yaushi, in ka tsoma shi a ruwa, ƙwayoyinsa su sha su cika, ya miƙe.

"Sai dai fa idan ruwan da ke waje shi ne ya fi..."

"Na sani, Malama. Ai wannan tun ina yaro."

Malama ta dube shi, ta ɗauki ƙwanta ta tafi. Ko inuwarta ba ta ɓace ba ya kwashe latas ɗin da rana ta kwantar, da karas ɗin da ya fara lanƙwasa, ya zuba a baho ya cika da ruwa. Kafin la'asar latas ya miƙe yana ƙaras-ƙaras, karas ya yi tauri. Wannan nasara ita ce ta hallaka shi.

Ya ɗauki ganye ɗaya ya bi shago-shago da shi. Ya gaya wa Tela cewa manomi yana wata da watanni yana jiran abu ya girma, shi kuwa a wuni ɗaya zai yi. Ya gaya wa mai aski cewa kafin Yaya ya dawo, tumatir ɗin shagon sai an rungume shi da hannu biyu, ƙwai ɗaya kuma zai ishi gida karin kumallo. Mai aski bai ɗaga kai daga ƙeyar da yake gyarawa ba, ya ce a dai fara dawo masa da fankarsa gaba. Tela ya ce shi abin da ya sani, matarsa ma tana jiƙa ganye a ruwa, kuma ba ta taɓa zagaya layi da shi ba.

"Matarka tana yi ne ba ta san dalili ba," in ji Na-Sani. "Ni da dalili nake yi."

"To Allah ya sa dalilin ya san kai ne," in ji Tela.

Washegari ya zauna ya yi lissafi irin nasa. Malama ta ce ruwa gishiri yake bi. Ke nan in ruwa zalla ya miƙar da latas, ruwa da gishiri sai ya mai da shi bishiya. Ya sayo gishiri a shagon kusa, ya zazzaga a manyan baho biyu, ya dama da hannu har sai da ya daina narkewa. Ya juye kokwamba kaf, ya bi da latas, ya ɗora kabeji a sama, ya rufe da buhu. Ya gaya wa duk wanda ya zo sayen kokwamba ya dawo gobe da babbar jaka.

Da safe ya tara mutum uku huɗu kafin ya ɗaga buhun. Kokwamba ta yamutse, ta yi laushi, in ka ɗaga ta sai ta sunkuyar da kai. Latas ya koma kamar tsumman goge tebur. Ruwan bahon kuwa ya ƙaru har yana neman zuba. Gaban Na-Sani ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. Ya ce wannan matakin farko ne, sai kayan sun fitar da tsohon ruwa kafin su karɓi sabo. Wata tsohuwa da ta zo da babbar jakar da aka ce ta kawo ta ɗaga kokwamba ɗaya, ta lanƙwasa ta har kai ya taɓa gindi, ta tambaya ko ta dawo mataki na nawa.

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa ta tare shi a tsakar gida da ludayi a hannu. Ta tuna masa cewa ita ta tsaya masa a wurin Yaya, ita za a kalla in abu ya lalace. Ta ce kokwamba dai ta tafi, a sayo wata a mayar, a rufe maganar tun ba ta yi nisa ba.

"Baban yara, don Allah ka sayar da kaya yadda Allah ya halicce su."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, kuskuren ɗan ƙarami ne, kuma ya riga ya gano shi. Bai gano komai ba. Malama ce ta biyo ta ƙofar shagon da rana, ta ga bahon, ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce ai abin da ta so gaya masa ke nan ya katse ta: gishirin da ya zuba a waje shi ya janye ruwan cikin kokwamba. In ana son abu ya kumbura, cikinsa ne zai fi sukari ko gishiri, waje kuma ruwa zalla.

"Kuma ka kula, tantani yana da iyaka. Idan ya sha ya wuce ƙima..."

"Na sani, Malama. Gwada ki nake yi."

Yanzu kam ya ji ilimi ya zauna masa daram. Sukari a ciki, ruwa a waje. Ya nufi shagon magani ya ce a ba shi sirinji mafi girma. Mai magani ya tambayi wane ne ba lafiya, ya ce tumatir. Mai magani ya ɗauka wasa ne, sai da ya leƙo ya gan shi zaune a kan kujera, kwandon tumatir a gabansa, yana ɗauka ɗaya-ɗaya yana yi musu allurar ruwan sukari, yana jefawa a baho. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani direba ya tambaya ko akwai ta rigakafi, ya kawo albasarsa.

Bai tsaya nan ba. Ya kwashe ƙwan shagon gaba ɗaya ya jera a bokitai, ya tuttula musu khal har warin ya kori kyanwar da ke kwana a ƙarƙashin tebur. Da ɓawon ya narke ya ɗauraye su ya mayar cikin ruwa zalla. Sannan idonsa ya faɗa kan buhunan waken Yaya da ke jingine a lungu. Ya ce busasshen abu ai shi ya fi kowa ƙishirwa. Akwai wani babban duro na roba a bayan shago, mai murfi da ƙarfen da ake ɗaure bakinsa. Ya juye wake a ciki har kusan wuya, ya cika da ruwa, ya danna murfi, ya ɗaure ƙarfen tam, wai don kada ruwan ya sami hanyar gudu sai dai ya shiga cikin waken. Ya gangaro da duron bakin ƙofa inda rana ke duka, saboda a ganinsa zafi yana ƙara ƙishirwa.

Duron ya kwana biyu a nan yana shan rana. Cikinsa ya fara fitowa, murfin ya yi tozo, in ka matsa kusa sai ka ji yana wani ƙugi ƙasa-ƙasa. Tela, wanda shagonsa ke manne da na Yaya, ya janye kekensa zuwa ciki. Ya ce shi bai yi karatu ba, amma bai taɓa ganin duro yana nishi ba. Na-Sani ya shafa cikin duron ya ce ilimi ne ke aiki, kuma duk mai son ganin abin mamaki ya zo ranar kasuwa da hantsi, zai buɗe komai a gaban jama'a.

Jama'a kuwa suka zo, don ba a gayyatar mutanen layin nan kallo sau biyu. Mai aski ya zo da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Mai magani ya rufe shago. Tsohuwar nan ta dawo da jakarta. Matar Na-Sani ta tsaya can baya ta rufe rabin fuska da mayafi. Shi kuwa ya sha farar riga, ya shimfiɗa tebur a bakin titi, ya jera ƙwai a faranti. Kai, ƙwan sun yi kyau. Sun yi manya, suna rawa in iska ta taɓa tebur, rana tana ratsa su har ana hango gwaiduwa. Mutane suka yi shiru, shirun nan kuma ya yi wa Na-Sani daɗi fiye da duk abin da ya taɓa ci.

Ya fara jawabi. Ya ce daga yau an daina noma a garin nan, manoma su zo ya koya musu. Ya ce akwai waɗanda suka yi masa dariya, ba zai kama suna ba, amma ɗaya yana ɗinki ɗaya yana aski. Sannan ya ɗaga buhun da ke kan bahon tumatir. Ruwan ya yi ja. Tumatir ɗin sun sha sun wuce ƙima, kowanne ya tsage daga inda aka yi masa allura, fata ta zame, 'ya'ya suna yawo a sama. Ya mayar da buhun da sauri ya ce waɗannan na masu gaggawa ne, an riga an markaɗa musu.

Tsohuwa ta ce ita dai a ba ta ƙwai. Ta miƙa hannu ta ɗauki mafi girma, ta ɗan latsa shi da babban yatsa yadda ake duba kaya. Ƙwan ya fashe fat, ya wanke mata gaban mayafi, warin khal ya tashi. Ta tsaya tana kallon tantanin da ya rage mata a hannu. Ta tambaya ko akwai wanda ake iya kaiwa gida, ko duk a nan ake fasawa.

Ana cikin dariyar nan wata mota ta tsaya, Yaya ya fito. Ba a sa ran dawowarsa a ranar ba, amma aiki ya yi kyau, likita ya sallame shi da wuri. Mutumin da ya shekara yana laluben sikeli, yau ga shi da ido tangaran, yana karanta allon shagunan tsallaken titi. Jama'a suka buɗa masa hanya. Ya dubi bahon tumatir. Ya dubi ƙwai tsirara a faranti. Ya leƙa lungu bai ga buhunan wake ba.

"Ina wakena?"

"Yaya, sannu da hanya, ya jiki? Ai ka zo a daidai. Waken da ka bari, yau za ka ga ya ninka."

Yaya ya miƙa tafin hannu ya ce a ba shi makulli. Na-Sani ya ciro makullin daga aljihu, ya ji kamar ransa ake nema. Ya roƙi Yaya ya bari a buɗe duro tukuna, in bai ga abin da ya faranta masa rai ba, ya karɓa. Don hannunsa ya samu sakewa, ya zura zoben makullin a yatsarsa ta tsakiya, ya durƙusa, ya kama ƙarfen bakin duron. Tela ya ce a ja da baya. Matarsa ta kira shi daga bayan taro, ta ce ya dakata ya ji.

"Na sani," in ji shi, ya fizge ƙarfen.

Ƙarar ta kai har tasha. Murfin ya yi sama ya daki rumfar kwano, ya dawo ya sauka a tsakiyar tebur, ƙwai suka tashi gaba ɗaya. Wake ya biyo baya da kumfa da wani wari mai tsami da ya kwana biyu yana jiran a buɗe masa. Ya zubo kan titi, ya shiga shagon Tela, ya cika takalman mai magani. Mai rabin aski ya ruga, ya taka wake, ya zauna daɓas. Awakin da ke kiwo bayan tasha suka ji labari suka iso. Na-Sani yana zaune a ƙasa, farar riga ta koma ruwan gwaiduwa, wake a gashinsa, yana riƙe da hannun da ƙarfen ya maka.

Yaya ya ciro hankici ya goge sabon idonsa a hankali. Ya ce da ya san abin da zai fara gani ke nan, da ya ce wa likita ya bar shi yadda yake. Ya sake miƙa hannu.

Na-Sani ya ja zoben makullin, ya ƙi fita. Yatsar da ƙarfe ya daka ta riga ta haye, ta yi suntum, zoben ya nutse a cikinta. Mai aski ya kawo sabulu, Tela ya kawo zare, mai magani ya kawo man shafawa, aka ja har Na-Sani ya yi ƙara, makulli ko motsi. Tela ya ce a dai yi masa adalci, ya yi alkawarin kumbura abu, ga shi ya kumbura, kuma wannan bai fashe ba. Mai magani ya duba ya ce ba karaya, a bar yatsar ta sace da kanta. Yaya ya juya ya shiga shago.

A gida, bayan ya yi wanka ya canza riga, matarsa ta kawo masa ruwan ɗumi a kwano da gishiri a ciki, ta ce ya tsoma yatsar kumburin ya sauka. Ba ta yi masa faɗa ba, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. Ya zauna yana kallon kwanon, kunya ta ishe shi, ga baƙin cikin shagon da ya ga samu ya ga rashi. Can sai fuskarsa ta washe. Ya tura kwanon gefe ya ce a canza masa da ruwa zalla.

"Gishiri a waje janye ruwa yake yi, Maman yara. In yatsar nan ta sace, makulli ya fita. In ba ta sace ba, makulli yana hannuna, shago kuma sai da ni. Wannan karon na fahimci karatun sosai."

Ta dube shi ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa, ta je ta kawo masa ruwan da ya nema. Ya wuni a tsakar gida da yatsa a kwano, yana canza ruwa in ya huce, yana tsara yadda zai karɓi tuban Yaya idan ya zo lallashi da safe. Ya yanke shawarar ba zai wahalar da shi da yawa ba, surukuta ai ba wasa ba ce.

Washegari da hantsi ya ga matarsa ta yafa mayafi ta ɗauki jaka. Ya tambaye ta ina zuwa, ta ce shago, Yaya ya ce ita za ta riƙe shi daga yau, shi zai koma lambu. Na-Sani ya yi murmushi, ya ɗaga yatsarsa daga ruwa, makulli yana lilo a jikinta, ya tambaya da me za ta buɗe.

Ta ciro wani makulli sabo fil daga jaka ta nuna masa.

"Tun jiya Yaya ya sa aka yanke kwaɗon, ya sayi wani. Na so gaya maka lokacin da na kawo ruwan, na ga ai ka sani."